Dankalin Makoki a Jajibirin Wasa

SHAFI NA 14

To ga ni, sai ku sarara min. Masu cika min waya da saƙo wai na yi shiru, ni ba zaman kashe wando nake ba, kawunan mutane nake wankewa in ci abinci. Ke kuma mai hoton kyanwa da kika rubuto wai babu uwar kirki da za ta bar 'yarta ta yi wasa da tsagaggen ƙashi, ki haifi taki tukuna, ki raine ta, sannan ki zo mu yi magana.

Sababbin zuwa, ba zan koma baya saboda ku ba, amma ga inda muke. Ni ce Verna Stidham, shagon gyaran gashi gare ni a Cane Creek, cikin duwatsun Kentucky. 'Yata Dessie ita ke riƙe da ƙungiyar ƙwallon kwando ta 'yar kwalejin garinmu, kuma bana, karon farko tun da aka kafa makarantar, sun samu shiga babbar gasar jami'o'i. Aka rasa da wa za a haɗa su sai babbar jami'ar Ashgrove, a gidan Ashgrove, inda an manta rabon da baƙo ya je ya ci su. Ana cikin murna ƙofar mota ta datse wa Dessie hannun hagu. Dokta Purvis, likitan dawaki, ya ɗauki hoton hannun a ɓoye, ya ce ƙashi ya tsage. Mu uku muka sani. Ranar da Koci Nadine ta ji, Dessie ta zauna a benci ke nan, kuma wannan ce shekararta ta ƙarshe.

*

Juma'a da hantsi, jajibirin wasa, ina shago ni da Mis Opal, na cusa kanta cikin injin busar da gashi. Tsohuwar ko babu inji ba ji take ba, balle da shi. Talabijin na kunne, wasu ƙarti uku cikin kwat sun zauna suna raba mana gado tun ba mu mutu ba.

Ɗaya ya ce Ashgrove za ta ba mu ratar maki talatin, in ta ji tausayi.

Na biyu ya ce shi har taswira ya duba, bai ga Cane Creek ba.

Na uku, mai sanƙon nan da ake shafa wa hoda, ya ce yaranmu su taho da kyamara, don hoto kaɗai za su koma da shi gida.

Suka bushe da dariya. Mtsww. Mutanen da in ka jefa musu ƙwallo fuska za su kare. Na ɗauki rimot zan kashe ke nan na ga tsayuwar mota a ƙofa, irin motar nan da ba ta ƙara sai dai ka ga inuwarta.

Yayata Glenda ce.

Uwa ɗaya uba ɗaya, gado ɗaya muka kwana muna yara. Amma tun da ta auri Royce dillalin motoci ta koma birni, har maganarta ta canza, ta hanci take fitowa. 'Yarta Whitley tana buga wa Ashgrove. Glenda ta shigo cikin ja da fari tun daga ɗan kunne har takalmi, launin Ashgrove ke nan, tana riƙe da wani abu a lulluɓe da hannu biyu.

"Verna, kina nan kina fama?"

"Ina fama, Yaya. Ɓatan hanya kika yi?"

"Haba. Mutum ba zai zo ganin ƙanwarsa ba?"

"Rabonki da nan tun jana'izar Mama."

"Hanyarku ce ba kyau. Duk ta ci min taya."

Ta dube kujeruna ɗaya bayan ɗaya, ta rasa wadda ta isa ta ɗauki mazaunanta, ta tsaya. Ta ture kwalaben man gashi gefe ta ajiye abin a kan teburina.

"Ga wannan na kawo miki."

Ƙamshin ya riga hannuna isa. Na ɗaga murfin duk da haka, don in tabbatar.

Gasasshen dankali ne da cuku da albasa, an barbaɗa garin burodi a sama. A kwarinmu ba a dafa wannan don marmari. Matan coci ke kai shi gidan da aka yi rasuwa, aikinsa ke nan. Kuma a cikin kwanon Mama ta zuba shi, mai tsaga a hannu, wanda ya zaga duk gidajen makokin garin nan, wanda Glenda ta ɗauke ranar jana'iza wai za ta wanke ta dawo da shi.

Na ce, "Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu tukuna."

"Tukuna?"

"Gobe ba zan samu sukuni ba ne. Royce ya shirya walima bayan wasa, har shugaban jami'a zai zo. Shi ne na ce bari in kawo miki naki da wuri, kar a ce ban yi zumunci ba."

Ta yi 'yar dariya ta rufe baki da yatsu. Wai wasa. Ka ji mace mai jikoki a hanya.

"Ɗauke kwanonki ki fita, Yaya."

"Ke matsalarki ba ki san raha ba. Tun kina yarinya."

"Na san raha. Wannan rashin mutunci ne da cuku a kai."

"To ki ajiye, zai yi amfani. Mutane za su zo miki jaje, me za ki ba su?"

Na juya na kama share gashi a ƙasa, don hannuna ya samu abin yi kafin ya samu fuskarta. Na yi wa Dessie alkawari ba zan yi faɗa da kowa ba sai an gama gasa. Na yi wa fasto ma.

Glenda ta buɗe jaka ta gyara jambaki a madubina.

"A ina suka ba ku kujera?"

"Inda suka ba mu."

"Can sama kusa da rufi, ko? Ayya. Ki taho da tabarau. Mu a bayan bencin yaran muke, kin san Royce shi ya saya musu motar tafiya."

"Allah ya saka masa."

"Kuma kar ki damu da Dessie. Na yi wa Whitley magana, ita kuma ta yi wa kocinsu. In sun ba da rata sosai za su sako 'yan benci, sai a bar Dessie ta jefa ɗaya ko biyu. Ta samu abin nuna wa 'ya'yanta."

Tsintsiyar ta tsaya da kanta.

"A bar ta?"

"Taimako ne, Verna."

"Yarinyar da ta fi kowa cin maki a duk yankinmu bana, ita za a bari ta jefa ɗaya ko biyu?"

"Yankinku." Ta ja kalmar kamar ta taka wani abu. "Yankin da ake wasa a zauren coci, alkalin wasa shi ne mai sayar da taki. Ki daina yaudarar yarinyar nan. Ashgrove sun gan ta tun tana sakandare, suka ce ta yi gajarta. Ba ta ƙara tsawo ba, ko ta ƙara?"

"Ita kuma taki da me ta shiga? Da tsawo ko da motar ubanta?"

Nan jambakin ya tsaya. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Ta rufe jakar a hankali.

"Tunda kin kawo maganar, Whitley aka ba aikin tsare Dessie gobe. Daga farko har ƙarshe. Ita ta roƙa ma. Ta ce wai gara ita, ta san yadda za ta yi mata a hankali kar ta ji kunya a talabijin."

Jama'a, ku da kuke karantawa kuna kwance a kan gado, na san me za ku ce. Da ku ne da kun yi shiru. Ƙarya kuke.

"Whitley?" na ce. "Whitley ce za ta tsare Dessie? Yarinyar da Dessie ke sa ta kuka a bayan rumbun Baba tun suna firamare, ta rugo tana majina wai an hana ta ƙwallo? Ki koma ki gaya mata, da hannu ɗaya Dessie za ta wanke ta tas! Da dama kaɗai! Hagun da ƙashinsa ya tsage ma ba sai ta..."

Na haɗiye sauran.

Shagon ya yi tsit, sai ƙugin injin Mis Opal.

Glenda ba ta yi dariya ba. Ta karkata kai tana kallona, irin kallon da take yi min muna yara in ta gano inda na ɓoye alewa.

"Hagu kika ce?"

"Magana ce kawai."

"Ƙashi ya tsage?"

"Na ce magana ce. Ɗan targaɗe ne, ya ma warke."

"Kocinta ta sani?"

Na sunkuya ina share inda na riga na share. Ni Verna, da ba a taɓa rufe min baki ba ko a kotu.

Na ajiye tsintsiya na zagaya na tare ƙofa. Abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, ranar na yi. Na roƙi Glenda.

"Yaya, don Allah. Wasa ɗaya ne ya rage mata a duniya. Taki tana da baɗi, tana da baɗin baɗaɗa. Ki bar maganar nan a ɗakin nan."

"Haba Verna. Me kika ɗauke ni?"

"Ki rantse da kabarin Mama."

"Dessie fa jinina ce. A hannuna aka yi mata baftisma."

"Ki rantse."

Ta ɗaga hannu kamar mai ba da shaida.

"Na rantse. Kuma me za mu yi da shi? Ashgrove ce za ta tsaya neman sirrin Cane Creek? Ke ma dai."

Ta raɓa ni ta fita, ta bar min turarenta da dankalinta. Mis Opal ta leƙo daga cikin inji ta shaƙi iska.

"Verna, wa ya rasu?"

"Babu kowa, Mis Opal."

"Ayya, Allah ya ji ƙansa. Zubo min kaɗan."

*

Asabar da safe na je otal ɗin da aka sauke yaran. Tun tana aji ɗaya ni nake yi wa Dessie kitso kafin wasa, guda biyu zuwa baya, ko a ina ne. Ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, hannun a kan cinya, naɗe da bandeji. Rabin 'yan ƙungiyar suna naɗe yatsu, don haka babu wanda ya kula.

"Yana ciwo?"

"In ban taɓa ba, babu."

"In kin taɓa fa?"

"Mama, ja kitson da kyau, kar ya kwance."

Na ja. Ta yi ƙasa da murya saboda abokiyar ɗakinta na banɗaki.

"Koci ta ce in mun riƙe su a farko za su rikice. Ba su saba a riƙe su ba. Ba su ma kalli bidiyonmu ba, wata 'yarsu ta faɗa a rediyo."

"Su ci gaba da rashin kallo."

"Ni dai a bar ni da dama. In suka bar min dama, Mama, na rantse sai sun san mun zo." Ta waiwayo. "Babu wanda ya sani dai ko?"

Tsinken kitson na hannuna. Na juya mata kai gaba.

"Daga ni sai Dokta Purvis. Tsaya da kyau."

Na gaya wa kaina ba ƙarya na yi ba sosai, tunda Glenda ta rantse. Haka mutum ke yi in yana son ya iya haɗiye kofi.

*

Zauren wasan Ashgrove ya fi garinmu mutane, ban ƙara gishiri ba. Mu kuwa motocin coci biyu muka cika, da ƙararrawar shanu a hannu kamar yadda muka saba a gida. Tun a ƙofa masu gadi suka ƙwace su, wai doka ta hana. Wani ɗan saurayi mai ƙurajen fuska ya riƙe tawa da yatsu biyu yana tambayar abokinsa ko da saniyar muka zo.

Na ce masa, "Tana ciki, ta sa ja da fari, tana bayan benci."

Bai gane ba. Ilimin jami'a ke nan.

Aka kai mu can sama, inda tantabaru ma sai sun huta a hanya. Ɗalibansu sun cika gefe guda, sun shafa fenti a ciki, suna ɗaga kwalaye wai “Ina ne Cane Creek?” da “Ku gaida akuya.” Masu kakaki da ganga sai busa suke. Da yaranmu suka fito cikin korensu, wasu ma ba su ɗago daga waya ba. Wani mai ƙaton tumbi a gabana yana tambayar matarsa wa za su haɗu da shi a zagaye na gaba, don ya kama otal.

Na hango Glenda can ƙasa, bayan bencin Ashgrove, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya tana ɗaga wa mutane hannu sai ka ce ita ta gina wurin.

Aka busa usur.

Ashgrove suka ci na farko, suka ci na biyu, cikin sauƙi, suna murmushi. Mai tumbi ya yi hamma.

Sai Dessie ta karɓi ƙwallo. Whitley ta tsaya a gabanta, ta fi ta tsawo da kai guda, ta buɗe hannuwa a kasalance. Dessie ta yi kamar za ta hagu, ta fice ta dama, kafin Whitley ta juyo ƙwallo ya shige raga.

Na miƙe. "'Yata ce! Gajerar nan tawa ce!"

Ta sake zuwa, ta dama. Ta sake, ta dama. Ta tsaya daga can nesa bayan layi ta saki na maki uku, ko ƙarfen kwandon bai taɓa ba. Sauran yaran suka ga ashe mutane ne ba aljanu ba, suka kama su kamar ƙaya a zani. Manyan 'yan matan Ashgrove suka fara jefa ƙwallo inda babu kowa, suna hararar juna. Ba mu da ƙararrawa, sai muka kama dukan kujeru da takalma. Mis Opal, da shekarunta, takalminta a hannu.

Mai tumbi ya ajiye waya.

Kwalayen “Ina ne Cane Creek?” suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa na ce musu, "A kan allo yake, ku duba sama! Ko shi ma sai da taswira?"

Muka wuce su da maki takwas. Cane Creek, a gidan Ashgrove. Kocinsu, wata doguwa mai takalmi mai tsini, ta buga allon rubutunta da ƙasa ta nemi a tsayar da wasa.

Kuma duk tsawon lokacin nan babu wanda ya taɓa hannun hagun Dessie. Har na fara jin kunyar zargin da na yi wa 'yar uwata. Na ce ashe akwai sauran Mama a jikinta. Na nemo ta da ido don in ga yadda fuskarta ta koma.

Ba a zaune take ba.

Ta miƙe, ta jingina da ƙarfen da ya raba 'yan kallo da benci. 'Yan wasa sun kewaye kocinsu, Whitley na bakin da'irar tana shan ruwa. Glenda ta kira ta. Yarinyar ta waiwayo. Glenda ta sunkuya ta faɗi wani abu, sannan ta ɗaga hannunta na hagu, ta ɗan bubbuga bayansa da yatsa.

Ko daga rufi na gani. Ban buƙaci tabarau ba.

Ashe rantsuwar ta lokacin da ba a buƙatar sirrin ce. Tir da hali.

Whitley ta tsaya da gorar ruwa a baki. Ta dubi uwarta, ta dubi can inda Dessie take, ta girgiza kai. Glenda ta nuna mata allon maki, ta nuna mata kyamarori. Aka busa usur.

Na ce a raina, yarinya ce mai kirki, tare suka tashi, ba za ta yi ba.

Dessie ta tako da ƙwallo. Wannan karon Whitley ba ta tsaya a gabanta ba. Ta koma gefen dama gaba ɗaya ta toshe, ta bar mata hagu a buɗe, hanya fetal. Dessie ta yi turus. Ta gwada dama, babu wuri. Dole ta mayar da ƙwallo hannun hagu, ta buga shi a ƙasa sau ɗaya, na ga kafaɗarta ta ɗaga. Whitley ta kawo hannu kamar ƙwallo take nema.

A kan bandejin ta sauka.

Ƙwallo ya gangara. Ashgrove suka ɗauka suka ci. Alkalin wasa, wani mai wuya kamar na zakara, ko usur bai taɓa ba.

"Kai makaho!" na yi ihu. "Hannu ta buga! Nawa aka biya ka?"

Zauren ya farka. Ganga ta dawo. Mai tumbi ya juyo yana min murmushi da miyar mustad a gemu.

Suka sake. Whitley ta toshe dama, ta tura ta hagu, ta sauke hannu. Ko kallon fuskar Dessie ba ta yi, ƙasa take kallo kamar mai neman allura. Sauran 'yan Ashgrove suka lura, su ma suka shiga layi. Duk wadda ta wuce sai ta goga. Dessie ta daina karɓar ƙwallo da hannu biyu, da ƙirji take tarewa. Leɓenta ya yi fari. Amma 'yar nan, Allah ya sani ba daga ni ta gado haƙuri ba, ana saura ƙiris a tafi hutun rabin lokaci ta kutsa ta hagun da suka bar mata, ta tsakanin dogaye biyu, ta ɗaga da dama ta jefa.

Ya shiga. Ƙaho ya yi ƙara.

Talatin da huɗu da talatin da ɗaya. Har yanzu mu ne a gaba.

Mutanenmu na rungumar juna suna kuka. Ni kuwa na riga na kama matakala. Na ture mai sayar da gurguru, na taka ƙafar wani farfesa, mai gadi ya ce Madam ba a bi ta nan, na ce masa ya kira uwarsa ta hana ni. Na isa ƙarfen da ke saman hanyar da 'yan wasa ke bi su shiga ɗaki.

Yaranmu na wucewa da gudu suna ihu. Dessie ce a baya, tana tafe a hankali, ta cusa hannun a ƙarƙashin hammata. Ta ɗago ta gan ni. Ta tsaya.

"Dessie! Kin ga allo? Kin gan su? Sun rikice!"

Ba ta yi murmushi ba. Ta matso har ƙarƙashina. Yatsun da suka leƙo daga bandejin sun kumbura sun yi baƙi.

"Mama."

"Ki sa ƙanƙara, kar ki bari kowa..."

"Whitley ta ce min yi haƙuri."

Na damƙe ƙarfen da hannu biyu.

"Duk bugun da ta yi sai ta ce yi haƙuri. Ta san wane hannu ne. Ta san wane wuri ne." Muryarta ko rawa ba ta yi. "Dokta Purvis bai san kowa a Ashgrove ba. Mama, wa kika gaya wa?"

Na buɗe baki. Da na ce ni ce, ki yafe min, da ta wuce ɗaki ta sa ƙanƙara ta dawo ta ƙarasa wasanta. Kalma huɗu ko biyar.

Sai ga ja da fari ta gefen idona. Glenda ce, ta biyo ta ɗaya ɓangaren hanyar za ta ɗakin manyan baƙi, tana gyara gashi, tana dariya da matar wani. Ta gan ni. Ta ɗaga min yatsu ta kaɗa.

Wallahi ban san lokacin da na haye ƙarfen da rabin jikina ba.

"Glenda! Maciya amana! Da kabarin Mama kika rantse! Kin san ƙashin hannunta a tsage yake kika sa 'yarki ta dinga bugunsa! A tsage, Glenda!"

Daidai lokacin masu ganga suka tsaya shan ruwa. Muryata ta tafi har rufi ta dawo.

Dessie ta rufe ido.

Da ta buɗe, ba Glenda ta kalla ba, ba ni ta kalla ba. Na bi inda take kallo da ido. Koci Nadine na tsaye a bakin hanyar, ta dawo neman 'yar wasanta, likitan gasa na gefenta da jakarsa.

Ta tako a hankali har ta tsaya gaban Dessie. Ta ɗago ta dube ni, kallo ɗaya, sannan ta miƙa hannu.

"Koci, muna gaba da uku," in ji Dessie. "Don Allah. Rabi ne ya rage."

"Kwance bandejin."